Tabon Sallar da Na Raba wa Mutanen Difa

Wawan wannan labari ni ne, kuma gara ku ji daga bakina, domin na lura in uwarku Falmata ce ke ba da shi sai ta ƙara mini wautar da ban yi ba, alhali wadda na yi ta ishe ni har in sam ma maƙwabta. Kun tashi kun tarar ana kirana Isuhu Mai Tabo a kasuwar Difa, wasunku har sun ɗauka wani ciwo na yi da ƙuruciya. Ku duba jikina, sumul yake. Tabon a goshin mutane na sa shi, da kamarar da yayanku Laminu ya aiko mini daga Yamai.

Na zo garin nan daga Damagaram ina saurayi, bayan na bar lakwal, wato makarantar boko, da yardar mushe malaminmu da tawa, don mun gaji da juna. Faransancina ya isa in karanta abin da ke jikin gwangwani, in kuma tsorata wanda bai taɓa shiga aji ba. Da shi na buɗe shagon hoto kusa da layin 'yan tattasai, na yi shekaru ina wanke fim a ɗaki mai duhu har yatsuna suka canza launi. Da Laminu ya samu aiki sai ya ce zamanin fim ya wuce, ya aiko da baƙar kamara mai nauyi, irin wadda ake kwance gilashin gabanta a ɗaura wani. Gilasai biyu ta zo da su, dogo da gajere. Ni kuwa ba abin da ke mini daɗi irin in tsaya a ƙofar shago in kwance wannan in ɗaura wancan, a hankali, jama'a na kallo. Sau da yawa ina yin haka ana sauke buhunan tattasai a gefena, kowa na atishawa, kamara kuma bakinta a buɗe tana kallon sama. Ban taɓa tambayar kaina abin da take shaƙa ba.

Sai shekarar nan ta zo, wadda mutane suka yi ta tsallako kogin Komadugu daga Damasak da garuruwan bakin ruwa suna gudun tashin hankali, da tabarmi da tukwane a ka. Aka hana hawa babur, aka tsayar da fataucin tattasai da kifi, aka kafa shingaye a kan hanyoyi. Sana'o'i suka mutu, tawa ta tashi, kuma ban ce na ji daɗin dalilin ba. Kowa na buƙatar kartin shaida mai hoto: mai neman taimakon abinci, mai son wuce shinge, tsohuwar da ba ta taɓa tsayawa gaban kamara ba, har jinjiri a hannun uwarsa. Ina da tsari, kuma har gobe ina alfahari da shi. A waje nake ɗauka, cikin rana, da farin ƙyalle a bango, in matse ƙofar haske don hoto ya fito tas. A cikin madubin leƙawa akwai ɗan ɗigo a tsakiya. In ɗora shi daidai kan karan hancin mutum, in cika hoton da kansa, in danna. Dogo ne ko gajere, babba ne ko yaro, hancinsa wuri ɗaya yake faɗawa, goshinsa ma haka. Da maraice in buga hotuna, in share na cikin kamara don wurin ajiyarta ƙarami ne, gobe a sake.

Wanda ya fara gani shi ne Ɗan Tani mahauci, mutumin da ni da shi mun san rabonsa da sallar asuba a kan lokaci tun kafin a shimfiɗa kwaltar garin nan. Ya karɓi hotonsa, ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi.

"Malam Isuhu, wannan fa?"

Na duba. A tsakiyar goshinsa, sama kaɗan da gira, ga wani tabo baƙi-baƙi, zagayayye, gefensa a dushe, sak irin wanda yawan sujada ke bar wa dattijan sahun gaba. Ban san daga ina ya fito ba. Amma mai hoto ba ya cewa bai sani ba a gaban mahauci.

"Kamarar zamani ce," na ce. "Tana ganin abin da ido bai kai gare shi ba tukuna."

Ya shafa goshinsa, sannan ya ce, "Wallahi kwanan nan ina ƙoƙari."

Da ya tafi na goge gilashi da bakin riga, na goge da hula, na ɗauki na gaba, tabo na nan. Na canza takardar bugu, yana nan. Na ɗaura dogon gilashi, yana nan, bai matsa ko kaɗan ba. Kafin in gama tunani, Ɗan Tani ya zagaya mahauta da hotonsa, labari ya bazu cewa wurin Isuhu ake fita da fuskar mutumin kirki. A shekarar da kowane namiji ke son a dube shi a shinge a ga dattijon arziki, wannan ba ƙaramin talla ba ne. Layin ƙofar shagona ya kai har wurin mai shayi. Na buga wa Laminu salula na ba shi labari ina dariya, shi kuwa bai yi dariyar ba.

"Baba, ƙura ce. Ba a kan gilashi take ba, can ciki take, a kan farantin da ke ɗaukar hoton. Ka aika da ita Damagaram a share, ko ka zauna in koya maka."

"Ƙurar da ta san inda goshi yake?"

"Kai ka nuna mata, Baba. Kowa wuri ɗaya kake ajiye masa hanci."

Na ce masa na ji, zan duba. Ban duba ba. Aika kamara Damagaram a wancan lokaci na nufin rufe shago har sai abin da Allah ya yi, kuma ni ban ga wanda tabon ya cuta ba. Uwarku ta ce mini abin da ba nawa ba nake rabawa. Na ce mata sadaka ce, ta bar wa masu ilmi maganar.

Ranar da Ya Aisa ta zo, da hantsi ne, ina tsakiyar aiki. Tsohuwa ce 'yar wajen Barwa, ƙanƙanuwa, sun baro gonar tattasansu sun kafa bukka a bayan gari ita da ɗanta Bukar, wanda shi kaɗai ya rage mata. Ba ta bi layi ba, ba ta yi sallama mai tsawo irin tasu ta Barebari ba. Ta tsaya gaban farin ƙyallen, inda nake tsayar da mutane.

"Kai ne ka ɗauki Bukar hoto?"

"Iya, rabin garin nan ni na ɗauka. Wane Bukar?"

"Wanda goshinsa ba komai. Ni na haife shi, na san goshinsa."

Ta ba da labarin da Hausarta mai nauyi, kowa a layi ya ji. Bukar ya shiga mota za shi garin Maine neman aikin ƙodago. A shingen fita gari aka sauke su, kowa ya miƙa karti. Sojan ya dubi hoto, ga tabo kamar ƙwallon dabino. Ya dubi yaro, goshi sumul. Ya ce wannan kartin na yayanka ne ko na wa? Bukar ya rantse nasa ne, aka ce ya koma gefe. Mota ta tafi ba shi. Ku da kuka girma bayan abin ya lafa ba za ku san nauyin wannan ba. A wancan lokaci saurayi ɗan bakin ruwa da aka samu da kartin wani ba tara ake cinsa ba. Ajiye shi ake har motar da ke kwasar waɗanda ake zargi zuwa yamma ta zo, kuma ba wanda ya san ranar zuwanta. Wanda ya shige ta, uwarsa sai dai ta yi ta tambaya.

Layin ƙofar shagona ya watse. Na ga maza suna juya baya suna leƙa aljihu. Ya Aisa ta zauna a kan dakalina, da yake shagon a jikin gidanmu yake, ta ce ba za ta tashi ba.

"Iya, kwantar da hankalinki," na ce. "Wannan ƙaramar magana ce ta masu sana'a. Gobe in sha Allahu da ɗanki za ki kwana."

Na faɗa da murya irin ta likita, har ni ma na yarda. Kuma ga tunanin da na yi, ku auna shi da kyau, domin a lokacin na ɗauka ba a taɓa yin mai kaifinsa ba a Difa. Na ce zan je gaban babban sojojin shingen in yi bayani. Amma in na je da kamara mai datti, za a ce ga tsohon da ke ɓata takardun hukuma, a karɓe ta, wataƙila a ajiye ni gefen Bukar. In kuwa na je da ita tsaf, za a ga ƙwararre wanda ya gano matsala ya gyara. Na kira Laminu, na ce lokacin koyon ya yi. Ban gaya masa dalili ba, don kada yaro ya ce ai na faɗa maka.

Ya sa na cika batir tukuna, ya ce in wuta ta ƙare ana cikin aiki madubin ciki zai rufo ya kama abin da ya tarar. Ya ce a rufe ƙofa da taga, a kashe fanka, a yayyafa ruwa a ƙasa, a jira ɗakin ya kwanta. Ya ce ana buƙatar robar hura iska, wadda babu ita a garin nan ko da kuɗinka. Uwarku ce ta ce tana ganin ta san abin da yake nufi, ta fita, ta dawo daga farmasi da sabuwar robar nan da ake zuƙe wa jarirai majina, tana cikin ledarta. Na ce mata wannan kayan aikin mata ne. Laminu ya ji ta salula ya ce ita ce daidai. Na kwance gilashi, na bi rubutun Faransancin da ke cikin kamara yana karanta mini ina dannawa, sai na ji ƙwas, madubi ya ɗaga. Can ciki ga wani ɗan faranti mai kusurwa huɗu, bai fi babban farce biyu ba, yana walƙiya kore-kore kamar bayan ƙwaro. Na haska da tocila ina neman tabon a sama, ban gani ba. Laminu ya ce in duba ƙasa, don a ciki komai a kife yake. Ga ta kuwa. Wata 'yar ƙwaya ja-ja, wadda in a kan tuwo ta faɗo ba za ka tsince ta ba. Ɓurɓushin tattasai ne. Shi ya mai da Ɗan Tani waliyyi, shi ya tsare Bukar.

Ina ganinta na cika kumatu da iska, yadda iyayenmu ke hure mana ido in abu ya faɗa. Da goro a bakina. Tafin uwarku ya rigaye ni, ta toshe mini baki har sai da na haɗiye goron.

"Malam, yaron ya ce ban da baki! So kake ka yi wa mutane ƙyanda kuma?"

Na kifa kamara bakinta na kallon ƙasa, kamar yadda aka ce, don abin da ya tashi ya faɗo waje. Na sa bakin robar kusa, ban bari ya taɓa farantin ba, na matsa, na sake matsawa. Na maida gilashi, na fita tsakar gida, na matse ƙofar haske, na ɗauki sararin sama. Tabon ya ragu amma ya matsa gefe. Na koma na sake. A karo na gaba sama ta fito shuɗiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, ko ɗigo babu. Na kai wa Ya Aisa har dakali na nuna mata. Ta dubi hoton, ta dube ni, ta ce ita ba sama ta zo nema ba.

Washegari na sa babbar rigata ta Juma'a, na rataya kamara a wuya, muka tafi a ƙafa ni da ita. Babbansu wani dogo ne mai muƙamin ajidan, idanunsa jajaye don rashin barci, yana zaune a ƙarƙashin rumfa bayan buhunan yashi. Ya saurare ni da haƙuri. Na yi bayanin faranti, na yi na ƙura, na sa Faransanci inda ya dace da inda bai dace ba.

"To, Baba, na ji," ya ce. "Kamararka ce ke sa wa mutane tabo. Abu mai sauƙi. Ga goshina, ɗauke ni mu gani."

Ya cire hula ya gyara zama. Na ɗaga kamara, na ɗora ɗigon tsakiya a kan karan hancinsa, kuma a daidai wannan lokacin, ina leƙe da ido ɗaya, na gane abin da na aikata. Shaida ɗaya tak nake da ita a duniya, na kuma kwana ina alfaharin na hure ta da robar majina. Na danna, don ba yadda zan yi. Hoton ya yi kyau, ban taɓa ɗaukar wanda ya fi shi ba. Goshin ajidan na sheƙi kamar an wanke faranti.

Ya daɗe yana kallo.

"Ina tabon?"

"Mon ajidan, jiya na share shi."

"Jiya. Bayan an kama yaron."

"E."

"Tsofaffin hotunan fa?"

"Kullum da maraice nake share su."

"Baba, kai komai sharewa kake." Ya maida hularsa. "Don girman furfurarka, koma gida. Amma ka san yadda maganarka ta yi kama a kunnena."

A hanyar dawowa Ya Aisa ta wuce gaba ta bar ni a baya, kuma na fi son da ta zage ni. Na bi mazan da na ɗauka hoto ɗaya bayan ɗaya, ina roƙon su zo da kartinsu da goshinsu a gwada. Ɗan Tani ya ajiye wuƙa ya dube ni.

"In kai kaina shinge, in ce musu ga kartina bai yi kama da ni ba? Malam Isuhu, nama nake sayarwa, ba nawa ba."

Ban ga laifinsa ba. Duk wanda na je wa, ko ya yi tafiya, ko kartin ya ɓata jiya-jiya. Kwanaki suka shiga tafiya, kullum da safe in na ji ƙarar babbar mota sai in fito in ga ko ita ce. Tsohuwar nan kuwa tana kan dakali, uwarku na kai mata abinci tana ci kaɗan.

Uwarku ce ta warware, wannan ban taɓa musu ba. Ta ce maza na tsoro don su ake kamawa, mata fa? Ta bi bukkokin bayan gari ita da Ya Aisa, gida-gida, da Barbarci, abin da ni ba zan iya ba. Da safe na fito na tarar da mata cike da ƙofar gidana, kowace da karti ƙulle a bakin zane. Aka ce in wuce gaba tunda ni na san hanya. Haka na shiga gaban ajidan a karo na biyu, da babbar riga, da garken mata a bayana, sojoji na ƙunshe dariya. Suka jera kartinsu a kan teburinsa. Tsohuwa mai tabo, amarya mai tabo, wata ma ɗankwalinta ya sauko, tabon ya zauna a kan ɗankwalin. Daga ƙarshe wata ta kwance goyo, ta ɗora jinjiri a kan tebur, ta ajiye takardarsa ta taimako a gefensa. Yaro ko haƙori babu, yana tsotsar yatsa, amma a hoto ga tabon wanda ya shekara arba'in a sahun gaba.

Ajidan ya dubi takarda, ya dubi jinjiri, ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Wannan malamin," ya ce da ya ɗago, "a wane masallaci yake limanci?"

Ya sa aka auna da tsinken ashana, daga gira zuwa tabo, karti bayan karti, har da na Bukar. Wuri ɗaya. Ya ce mini duk wanda na ɗauka a watannin nan in sake masa, kuma kada ya ji na karɓi ko sisi. Na yi hakan, ya cinye mini damina da rani, sunan da kuke ji kuma daga nan ya samo asali. Sannan ya ce a fito da yaron.

Bukar ya fito yana kare ido daga rana, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Mata suka fara guɗa, sai guɗar ta tsinke a tsakiya. A goshinsa, sama kaɗan da gira, ga ciwo zagayayye, gefensa ya yi ɓawo, tsakiyarsa ɗanye. Ajidan ya miƙe tsaye ya tambayi wanda ya taɓa shi.

"Ba kowa," in ji Bukar, kansa a ƙasa. "Wani a ɗakin ya ce in fuskata ta yi daidai da hoton za a sake ni. Shi ne in na idar da salla sai in goga a siminti."

Ya Aisa ta kama kansa da hannu biyu ta sunkuyo da shi daidai tsawonta, tana dubawa. Ni kuwa, kun san ni, shiru ba ya zama a bakina. Na ga ya kamata babba ya ce wani abu da zai sassauta wurin. Na gyara babbar riga, na ɗaga kamara yadda kowa zai gani.

"Alhamdu lillahi, Iya, an gama. Gobe ki kawo shi in sake masa sabo, shi ne na farko a layi. Yanzu kamarar nan tsaf take, da hannuna na share ta, ko ɗigo ba za ki gani ba."

Ba ta saki kan ɗanta ba. Ta juyo da shi wajena, ta sa yatsa a gefen ciwon.

"Na kamararka ka hure, Malam. Zo ka hure wannan."